Ranar da Na Busa Usur Nasiru Na Tsaye

Ku samarin da ke zama rumfar mai shayi ta bakin tasha kuna nuna ma juna dambe cikin waya, ina jin gardamarku kullum. Wanga ya ce wane ya fi don bai taɓa faɗuwa ba, wancan ya ce a'a, wane ne don ya ci kambu a nauyi uku. In kun hange ni sai ku ce, "Baba Sanda, kai da ka yi alƙalanci, zo ka raba mu." Kun ɗauka aikin busa ne kawai, a busa a fara, a busa a tsaya. To shekara talatin da wani abu ina shiga fili a garin ga na Malanville, kuma ban taɓa shiga ba face da tsoro a raina.

Wurin Baba Tankari na koya. Mahauci ne daga wajen Kamba, ciniki ya kawo shi kasuwarmu ya zauna. In kaka ta yi shi ke haɗa dambe bayan mayanka. Kaka uku na yi tare da shi hannuna bai taɓa usur ba. Aikina ɗaukar bokitin ruwa da duba zare, wato igiyar da ɗan dambe ke naɗe hannu guda da ita bisa tsumma har ta yi tauri kamar dutse. Za ka bi ta da babban yatsa layi layi, ka shinshina, ka ji ko an jiƙa ta, don jiƙaƙƙen zare yanka yake yi.

Wata ranar kasuwa ina duba hannun wani ƙato da ya ƙetaro daga tsallaken kogi, sai yatsana ya hau bisa wani abu mai kaifi ƙarƙashin igiya. Guntun sarƙar keke ne. Na ɗaga kai munka haɗa ido. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Samari, yatsanka bai ji komi ba." Abokansa huɗu na tsaye bayanshi. Na ce to. Na ɗauki bokiti kamar za ni ɗebo ruwa, na raɗa ma Baba. Bai ko dubi wajen mutumin ba. Sai ya sa mai kalangu ya yi shela cewa yau Sarkin Fawa ya yi kyautar sabon zare, kowa ya kwance nashi a sake naɗa mishi gaban jama'a. Ƙaton ya juya baya ya kwance, ya tura abin cikin aljihu. Ba a kunyata kowa ba, ba a tsaga fuskar kowa ba.

Baba ba ya da sikeli. Da ido yake auna mutum, yadda yake auna sa a kasuwar dabbobi. Wuya yake fara dubawa, sannan ƙugu, sannan ƙwauri. Zai ba baƙo tabarma su gaisa, alhali so yake ya ga yadda zai tashi. A dambenmu in ka kai mutum ƙasa, ko da hannunshi ne ya dafa, an ce ka kashe shi. Ban taɓa jin Baba ya tambayi ɗan dambe mutum nawa ya kashe ba. Cewa yake, "Wa ka kashe? Kamar wa yake a jiki cikin waɗanga da ke zaune?" Rabin aikinshi cewa a'a ne. 'Yan wasa biyu za su fito suna nuna juna, jama'a na kuwwa, ya shiga tsakani ya kama hannun ƙaramin ya maida shi wurin zama.

Abin da ya fi zauna mini a garin Gene na gan shi. Kallo munka je, ba mu munka haɗa ba. Anka sa wani siririn makiyayi mai zafin nama da wani mahauci da ya yi biyunshi. Turmin farko, wato zagayen farko, mahaucin ya same shi da guda ɗaya bayan kunne. Bai faɗi ba. Jama'a sunka yi ta yaba ma makiyayin. Baba ya damƙe hannuna ya ce, "Dubi ƙafarshi." Na duba. Da bisa yatsu yake tsalle, yanzu duk tafin na ƙasa shina jan shi. "Dubi idonshi." Shina kallon inda abokin karawar ya tsaya ɗazu, ba inda yake yanzu ba, shina murmushi kuma. Baba ya yi ta kiran mai usur, ƙarar kalangu ta hana a ji. Bugu na gaba ya tafi da baya kamar icce, bai ko miƙa hannu ya tare ƙasa ba. Washegari da hantsi anka yi jana'izarshi.

Sikeli daga baya na san shi, lokacin da anka turo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, daga kudu, ana ce mishi Mushe Kosi, Mushe ɗin shi ne Malam da Faransanci. Shi damben Turawa ya sani, mai safar hannu biyu da hular soso. Ya tara samari shina koya musu, ya neme ni in taimaka. Sikelin masu shinkafa muke arowa, kowa ya hau a rubuta kilonshi, mai hamsin da bakwai ba ya karawa da mai saba'in. Nan na koyi ba da maki. A nasu wasan na masu koyo, in ka taɓa mutum da tsabta ka janye an ƙidaya maka, ko da bugun bai kashe ƙuda ba. Turmi uku gajeru, a ɗaga hannun wanda ya fi taɓawa, a rataya mishi lamba, kowa ya koma gida. Ɗan damben da ke ci da iyalinshi daga fili kuwa ba taɓawa yake nema ba. Zai bari ka taɓa shi sau goma don ya samu guda.

Cikin ɗaliban Mushe babu kamar Nasiru, ɗan wata mai saida kifi daga Madekali. Kilo hamsin da bakwai. Ni dai ban taɓa ganin mai ido da ƙafa irin nashi ba. Anka kai shi Paraku, anka kai shi Kwatano, ya dawo da lambobi, ba wanda ya taɓa cin shi. Amma lamba ba ta sayen hatsi. Da Mushe ya bar garin sai Nasiru ya koma dako a tashar manyan motoci.

Sai shekarar da anka rufe gadar kogi ta kan iyaka. Kun ga abin da idonku. Kamyo, manyan motocin kaya, jere tun daga duwan, wato ofishin kwastan, har ido ya gaji, albasa na ruɓewa, direbobi ɗaruruwa kwance ƙarƙashin motoci ba aikin yi, rai a ɓace. Dako ya mutu. Wani Alhaji Bawa mai fiton kaya ya ga taron banza, ya kewaye fili da zana, ya sa shiga dala arba'in, ya aiko a kira ni in riƙe mishi usur. Baba Tankari ya daɗe da rasuwa, ni ke haɗawa. Wasan ya karɓu ƙwarai. Matsalar ita ce waɗanga ba 'yan kallon kaka ba ne da sunka san juna. Baƙi ne daga ƙasa huɗu, kuma caca suke yi bisa kan 'yan wasa.

Cikin waɗanda sunka ƙetaro da kwalekwale akwai Hamidu, wanda ake ce ma Kututture don gajarta da kauri. Shekara goma sha biyat shina yawon dambe gari gari. Na ɗora shi bisa sikeli, ya haura casa'in. Ba gwani ba ne. An kashe shi sau da yawa, shi da kanshi yake faɗi. Amma waɗanda sunka kashe shin manya ne, masu jiki irin nashi ko fiye.

Ban san wa ya fara ba, sai na ji magana ta cika tasha: ga ɗan gari da ba a taɓa ci ba, ga baƙo da an sha kayar da shi, a haɗa su mana. Alhaji Bawa ya sa jikka ɗari ga wanda ya yi kisa. Ya kira ni shagonshi, na ishe Nasiru zaune da lambobinshi cikin leda.

Na ce, "Alhaji, ba ni haɗa wanga wasa."

Ya ce, "Don mi? Kai da bakinka ka ce yaron ga ya fi kowa iyawa."

Na ce, "Na faɗa, ina kuma nan bisa maganata. In iyawa ake tambaya, Nasiru ya fi Hamidu nesa. Amma waɗanda Nasiru ya ci duk kilonsu guda da shi, da soso a hannu, da hula a kai. Bai taɓa jin zare a fuskarshi ba. Tsakaninsu kilo talatin da wani abu ne. Wa ya fi iyawa tambaya guda ce, wa zai koma gida da ƙafarshi wata tambaya ce daban."

Nasiru ya ce, "Baba, ba zai same ni ba. Ka san ƙafata."

"Na san ta. Sau ɗaya yake bukata."

Ya miƙe tsaye. "Wata huɗu ban ɗauki buhu ba. Innata ke ciyar da ni da matata. Shekara nawa ina cin duka don guntun ƙarfe mai igiya, yau an sa abin kirki kai kuma ka tare ƙofa?"

Alhaji ya ce, "Malam Sanda, ba faɗa. In ba ka so, Ɗanjuma zai riƙe usur."

Ɗanjuma kamashon tasha ne, bai taɓa duba zare ba a rayuwarshi.  Na ce to ni zan tsaya, amma da sharaɗi: in na busa an gama, ba mai tambaya ta dalili. Alhaji ya ce ya ji. Ya amsa da sauri ƙwarai, na san bai saurara ba.

Ana gobe wasa bayan azahar na tafi inda Hamidu ya sauka. Na ishe shi shina wanke tsumman hannunshi. Abin da na je yi bai halatta ga alƙali ba, na kuwa sani. Na ce, "Hamidu, yaron ga ƙarami ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na gan shi. Ni ma ban so ba, Baba."

"To ka sassauta."

Ya matse tsumman ya shanya. "In na sassauta ya yi sa'a ya kai ni ƙasa, wa zai sake kira na wasa? A ce mai rabin jikina ya kashe ni? Ɗiya biyat gare ni. Hannun ga kuma in ya tashi ba ya jin maganata." Sai ya dube ni. "Kai dai ka tsaya kusa. Kusa ƙwarai."

Ranar, tun kafin la'asar fili ya cika, mutane har bisa kan motoci. Na duba zaren kowa sau biyu. Hannun Nasiru cikin igiya kamar na wanda ya ari kayan wanshi. Na rataya usur, na busa a fara.

Turmin farko kam abin kallo ne. Nasiru ya shiga ya fita, ya taɓa goshi, ya taɓa haƙarƙari, ya kauce. Hamidu ya kai bugu uku, duk iska ya samu. Na ƙidaya taɓawa tara masu tsabta. Da gaban Mushe Kosi ne da an gama magana. Jama'a kamar su tsaga zana. Amma ni fuskar Hamidu nake kallo, ko ƙifta ido bai yi ba. Matsawa kawai yake taki taki, shina rage ma yaron fili.

Turmi na biyu Nasiru ya fara jin daɗin kanshi. Akwai wata ɗabi'a ta masu safar hannu, in sun kai bugu sai su maido hannu biyu su rufe fuska, don soson na tare musu. Zare ba ya tare komi. Ya buga, ya maido hannu, ya tsaya rabin numfashi. Hannun Hamidu ya zagayo ta bayan hannun ya sauka ƙasan kunne. Ƙarar ba ta da yawa. Da yawa cikin 'yan kallo ba su ma gani ba.

Bai faɗi ba. Ya ja da baya taki biyu ya ɗaga hannu, fili ya ɗauki kuwwa. Na dubi ƙafarshi, tafin duk na ƙasa. Na dubi idonshi, shina kallon hagu da Hamidu, inda ba kowa, shina murmushi. Hamidu ya riga ya ja kafaɗa baya.

Ban san lokacin da na busa ba. Na dai tsinci kaina tsakaninsu na rungume Nasiru, na ba Hamidu baya, ina jiran bugun ya sauka bisa ƙeyata. Bai sauko ba. Na ɗaga hannu na ce an gama, babu kisa.

Fili ya yi tsit, sannan ya fashe. Waɗanda sunka zuba ga Nasiru sunka ce na ga ɗan gari zai ci na ceci baƙo. Waɗanda sunka zuba ga Hamidu sunka ce na ƙwace mishi kisa. Karo na farko ke nan da bakinsu ya zo ɗaya. Nasiru ya ture ni shina cewa, "Lafiyata lau! Mi na yi maka? Lafiyata lau!" Kuma lokacin idonshi ya dawo daidai, duk wanda ya dube shi zai ce gaskiya yake faɗi. Na waiga neman Alhaji Bawa, kujerarshi ba kowa.

Takalmi ya fara zuwa, sai dutse. Zana ta faɗi, sunka shigo. Wani ya fizge igiyar usur har ta yanke mini wuya. Wani ya sauke mini ƙarfen ɗaga taya a kafaɗa, na ji ƙashin ya ce ƙas. Na faɗi, ƙafafu ta ko'ina, ƙura cike da bakina. Na yi kalmar shahada, don na tabbata nan ne ƙarshe. Sai na ji wani nauyi ya rufe ni. Hamidu ne ya durƙusa a kaina, zaren na hannunshi bai kwance ba. Na ji shi shina cewa, "Duk wanda ya matso, da shi za a ƙarasa turmin ga." Ba wanda ya matso. Haka ya tsaya har jandarma sunka iso.

Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙori biyu sun tafi. Wata biyu hannuna na rataye. Jandarma sunka rufe filin, gari ya ce ni na ja. Masu kiɗa, masu tuwo, masu saida ruwa, duk abincinsu ya tsaya a shekarar da ba wani abincin. Wasu sun daina amsa gaisuwata har masallaci. In zan tafi kasuwa sai in zaga ta bayan gari don kar in bi ta layin motoci. Kaka ta zo anka yi dambe a Gene da Madekali, ba wanda ya aiko a kira ni.

Hamidu ya zo duba ni kafin ya ƙetare. Na tambaye shi, "Da ban busa ba fa?" Ya ce, "Allah kaɗai ya sani, Baba. Watakila ya kauce. Yaron na da ƙafa." Ban ji daɗin amsar ba, amma ita ce gaskiya. Nasiru bai yi amai ba, bai suma ba, washegari an gan shi kasuwa. Ba ni da wata shaida da zan nuna ma kowa. Abin da na gani cikin idonshi ni kaɗai na gan shi, kuma bai fi ƙiftawa uku ba. Wanda ke son aikin ga ya san wannan tun yanzu: ranar da ka yi daidai ba abin da ke faruwa, don haka ba mai yarda ka yi daidai.

Nasiru ya samu kabu-kabu, wato moto mai ƙafa biyu ta haya, shina ja. In ya hange ni bakin hanya sai ya ƙara wuta. Ya ci gaba da dambe jefi jefi tsallaken kogi da masu jiki irin nashi, ina jin labari shina kisa.

Kakar da ta wuce dattawan mahauta sunka dawo da wasan bayan mayanka, sunka aiko mini da sabon usur. Ran da za a buɗe, ina zaune ƙofar gida da hantsi ina gyaran zare, sai moto ta tsaya. Nasiru ne, ya goyo wani dogon saurayi mai faɗin kafaɗa. Ya kashe moto, bai sauka ba.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, Nasiru. Ina gajiya?"

"Wanga ƙanena ne, Basiru. Shekararshi ashirin. Ya nace sai ya sa zare yau. Inna ta yi, na yi, ya ƙi ji."

Na shimfiɗa tabarma na ce Basiru ya zauna. Munka gaisa, na ce ya tashi ya miƙo mini buta. Ya tashi da dafa ƙasa. Jiki akwai, wuya bai cika ba tukuna.

Nasiru ya ce, "Kar ka ɗauka wani abu ne. Har gobe ina cewa da ka bar ni da na kashe Kututture."

Na ce, "Watakila."

"Ba watakila ba."

"To."

Ya murza hannun moto. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai wani ƙato da ya zo daga Gaya, tsallaken kogi, jiya, na ji samari na zuga Basiru a kanshi. Kai za ka zaɓa mishi abokin karawa, Baba, ba wani ba. Kuma in ka ga abin da ka ce ka gani, ka busa. Ni zan tsaya bayanka."